Albasar da Aka Dasa Don Baƙi

Cikin duk ranakun da na yi a aikin malamin gona, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba a farkon watan Disamba, ranar da ruwa ya isa gonar Malam Iro. Ba zan faɗi shekarar ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyen ko na shirin da nake wa aiki a lokacin ba. Waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, ni kuma ba mai son tashin hankali ba ne. Ya isa in ce ƙauyen yana tsakanin Kura da Bunkure, can a ƙarshen layin ruwa. Na rubuta wannan ne saboda ku da kuka shigo aikin kwanan nan, don ina jin akwai abin da ba a koya mana a jami'a ba.

Ga wanda bai san yadda ban ruwa yake a wajenmu ba, bari in ɗan yi bayani. Ruwa yana zuwa ta babban kanal, wato magudanar siminti da ke ɗauko shi daga dam. Daga nan yake rarrabuwa zuwa ƙananan rassa, manoma su ja shi zuwa fangalinsu. Kowane reshe yana da ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa ko a sauke. Wanda gonarsa ke sama, kusa da bakin ruwa, shi ke fara sha. Na ƙasa sai abin da ya rage. Mutanen wannan ƙauye kuwa ba sa ma cikin masu jiran ragowa, domin tsohon kanal ya tsaya tun kafin ya kai gare su. Noman damina suke yi. In rani ya zo, mai hali ya ja ruwa da inji daga wani kwari da ke kwashe ragowar ruwan gonakin sama, marar hali ya tafi ƙwadago.

Shirinmu, da tallafin wasu mutane daga waje, ya gina ƙari a kan tsohon kanal har zuwa gonakinsu. Ni ƙaramin jami'i ne a lokacin, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Sama da ni akwai mai kula da yanki, sama da shi akwai manajan aikin gaba ɗaya, wanda kowa ke kira Oga Injiniya. Aikina shi ne zagaya manoma, in ba su shawara, in kai musu saƙon ofis, in kuma mayar da takardun shirin Hausa.

Takardun duk da Turanci suke, kuma akwai kalma ɗaya da ba shafin da ba ta ciki, wato “extend”. Sunan aikinmu ma na malamin gona a Turance daga gare ta aka samo shi. Wani malaminmu a jami'a yakan ce ma'anarta miƙa abu daga inda yake zuwa inda bai kai ba. Ana faɗinta ga hanya in an tsawaita ta, ga wa'adi in an ƙara shi, ga hannu in an miƙa shi, ga taimako in an kai shi. Da yake ni mutum ne mai yawan tararrabi, nakan daɗe a kanta kafin in zaɓi abin da zan sa a Hausa, don kada in faɗa wa manoma fiye da abin da aka rubuta. Abin da na lura da shi, in ban yi kuskure ba, shi ne kalmar tana ba da labarin mai miƙawa ne kawai. Ba ta cewa komai game da ko an karɓa.

Ranar Litinin Oga Injiniya ya tara mu a ofis, ya ce masu tallafin za su zo ranar Laraba su ƙaddamar da sabon kanal. Kowa a ɗakin ya san matsalar da ke akwai. Sashen tsohon kanal da ke gaban namu ya cika da laka da ciyawar kacala, gyaransa kuma ba ya cikin kwangila. Ruwan da ke tsallake gonakin sama da ƙyar yake jiƙa ƙarshen tsohon, balle ya shiga sabon. Sai Oga ya ce an shirya za a sauke duk ƙofofin sama daga Talata zuwa yammacin Laraba, ruwa ya taru ya tura har ƙasa.

Na ɗaga hannu. Na ce, “Yallaɓai, a gafarce ni, bayan Laraba fa?”

Ya ce, “Bayan Laraba Alhamis ce, Kabiru.” Aka yi dariya.

Sannan ya zo kan abin da ya shafe ni. Ya ce baƙin ba siminti suka zo gani ba, manomi suke son gani yana amfani da ruwa. Ya ji an ce akwai wani dattijo mai irin albasa mai kyau a ƙarshen layi. In je in gaya masa ya shirya dashe ranar Laraba, gona cike da mata, don a ɗauki hoto da bidiyo.

Wanda bai taɓa noman albasa ba ba zai gane nauyin wannan saƙo ba. Ana renon irin ne a ɗan ƙaramin fili har ya yi ƙwari. Muddin yana cikin wannan fili, ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma kaya ne na sayarwa. Da zarar an cire shi, sai an dasa a ranar, sai kuma an yi ta ba shi ruwa a kai a kai har saiwarsa ta kama. Ba a mayar da shi. Malam Iro kuwa da renon iri aka san shi. Kowace shekara yakan rena, manoman sama su zo su saya su dasa a gonakinsu, da wannan yake riƙe gidansa har damina ta faɗi. Irin nan shi ne abincin iyalinsa na rani gaba ɗaya.

Na ce, “Yallaɓai, ina tsoron in ya dasa ruwa ya ɗauke, irin zai mutu.”

Ya ce, “Kai aka aika ko kai ka aika? Saƙo na ba ka, ba shawara na nema ba.”

Da safiyar Talata na hau babur na tafi. Na sami Malam Iro a bakin filin irinsa tare da maƙwabcin gonarsa, Baba Yohanna, mutumin Filato da ya daɗe a ƙauyen har ’ya’yansa ba su san wani gari ba. Shi ke da ƙaramin injin ban ruwan da suke jan ruwan kwari da shi. Irin ya yi kore shar, ya tsaya cik kamar an tsefe shi. Muka gaisa, na tsuguna.

“Malamin gona, yau fuskarka kamar wanda ya sha maɗaci,” in ji Malam Iro. “Lafiya?”

Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Kafin in rufe baki fuskarsa ta washe. Ya juya wajen maƙwabcinsa ya ce, “Yohanna, ka ji ko? Bana ni zan dasa kayana a gonata. Ka tafi da tsohon injinka mai tari, na huta da gorinka.”

Baba Yohanna ya ce, “Injin da ya rena maka iri ne yau ya zama mai tari? To, Allah ya ba mu lafiya. Bari dai mu ga ruwan tukuna.”

Na ce wa Malam Iro, “Baba, wancan saƙon ofis ne, na isar. Yanzu ga nawa.” Na gaya masa abin da aka faɗa a taro, ban rage ba ban ƙara ba: za a rufe na sama don ruwa ya iso, za a buɗe su da yammacin Laraba, kuma a iya sanina in an buɗe ruwa ba zai ƙara isowa nan ba sai an yashe tsohon kanal. Na ce ban san gaibu ba, mai yiwuwa akwai wani shiri da ba a gaya mini ba, amma ni ban ji ba.

Ya murza wani ganye a yatsunsa. Can ya ce, “Wato ruwan baƙi ne.”

Na ce, “Haka nake gani, Baba.”

“To, an aiko ka, ba zan mayar da kai hannu biyu ba. Ka ce musu zan dasa fangali biyu a bakin kanal. In ya mutu, sadaka. Sauran kuma akwai waɗanda suka ce in ajiye musu.”

Na koma ofis da sauƙi a zuciyata, ina ganin an sami mafita. Da na gaya wa Oga Injiniya sai ya ajiye wayarsa ya dube ni.

“Fangali biyu? Lambun bayan gida na ce za a ɗauka? Me ka gaya masa?”

Na faɗa masa abin da na faɗa. Ban ga dalilin ɓoyewa ba, tunda ba ƙarya na yi ba. Ya ce maganar cikin ofis na fitar waje, kuma zai tuna da wannan. Ya ce in bar maganar, shi zai yi da kansa.

Da hantsin Laraba ruwa ya iso.  Ya taho a hankali yana turo kara da ganye a gabansa, mutanen ƙauye suna bin sa ta gefe da gefe suna kabbara. Tsofaffi suka tsuguna suna wanke fuska. Wata tsohuwa ta ɗiba a tafin hannu ta sha, duk da dauɗarsa. Mutanen nan sun daɗe suna kallon koren gonakin wasu daga nesa.

Ana cikin haka motar Oga ta tsaya. Bai zo shi kaɗai ba, ya biya ya ɗauko Dagaci. Nan na gane abin da yake nufi da zai yi da kansa. Jama'a suka zube suna gaisuwa, aka kira Malam Iro, ya zo ya cire takalmi ya durƙusa.

Oga ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. “Malam Iro, an ce mini kana shakkar ruwanmu. To ga shi a gabanka. Ko wannan ba ruwa ba ne?”

“Ruwa ne, ranka ya daɗe.”

“Ni na gina kanal ɗin nan. Ni nake gaya maka ka dasa.”

Dagaci, wanda na tabbata ba a gaya masa komai game da ƙofofin sama ba, ya ce, “Iro, mutane sun taso daga wata uwa duniya don su yi mana alheri. Kai aka zaɓa cikin garin nan duka. Kada a ce an zo wajenmu an ga gona a bushe.”

Na matsa na durƙusa a gaban Dagaci. Na ce, “Allah ya ja zamaninka, a yi mini afuwa. A iya abin da na sani, ruwan nan ya iso ne don an rufe na sama, kuma yau da yamma...”

Oga ya katse ni yana murmushi. “Ranka ya daɗe, yaro ne, bai daɗe da barin makaranta ba. Komai tsoro yake ba shi. Ko inuwarsa ya gani sai ya rubuta rahoto.” Jama'a suka yi dariya, ba don mugunta ba, don ranar farin ciki ce kuma babba ya yi raha. “Kabiru, je ka duba ko an jera kujeru.”

Dagaci ya ce mini a hankali, “Ɗana, mai aiki ya fi ka sanin aikinsa.” Ya juya. “Iro, me ka ce?”

Malam Iro ya dube ni sau ɗaya. Ya san gaskiyar, a idonsa na gani. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Yadda ka ce, ranka ya daɗe.”

Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa. Oga Injiniya ba baƙo ba ne a ƙasar nan, a cikinta aka haife shi. Ya san sarai dattijo kamar Malam Iro ba zai ce wa Dagacinsa a'a a gaban jama'a ba, ko da wuyansa za a yanka. Bai rinjaye shi da hujja ba, bai ma yi ƙoƙari ba. Karar mutumin ya ɗauka ya yi masa igiya da ita.

Da manya suka wuce, Baba Yohanna ya kama hannun rigar abokinsa. “Iro, ka haukace? Ni ko ɗan dami ba ka taɓa ba ni kyauta ba, yau za ka zuba shi duka don hoto?”

“To me zan ce, Yohanna? A gabanka aka yi.”

“Ka ce cikinka ke ciwo! Ka ce matan ba su zo ba!”

“Ga su can suna tahowa,” in ji Malam Iro. Oga ya riga ya aika an kira su.

Matan dashe suka shiga filin irin. Wanda ya san su ya san ba sa wasa da aiki. Wasu na cira suna ɗaurewa, wasu na dasawa cikin fangalin da aka cika da ruwa, suna waƙa suna tsokanar juna. Kafin azahar filin renon ya koma baƙar ƙasa, gonar kuwa ta jeru layi-layi har ƙarshe. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Oga ya aiko a ce a rage fangalin da ke bakin kanal, kada a dasa sai baƙi sun iso, don mai bidiyo ya sami hannu a cikin laka. Aka rufe ragowar irin da jiƙaƙƙen buhu. Malam Iro ya je gida ya sa rigarsa ta Juma'a ya dawo ya tsaya a kan kunya.

An ce baƙi za su iso kafin azahar. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Sai da rana ta karkata muka ji jiniya. An kafa rumfar taron ne a bakin titi, daidai inda sabon kanal ya haɗu da tsoho, da ɗan nisa daga gonar. Motoci suka tsaya, aka fito ana duba agogo. Oga ya yi jawabi da Turanci, ni ina fassarawa a lasifika. Kalmar nan ta fito a bakinsa ban san sau nawa ba, ni kuma duk inda ta fito sai in ce an tsawaita kanal, don iyakar abin da na shaida ke nan. Aka yanke ƙyalle, aka yi tafi, aka ɗauki hoton ruwa yana gudu a ƙarƙashin kwalbati. Sai shugaban tawagar ya raɗa wa Oga cewa sun makara, akwai wani taro da ke jiransu a Kano.

Na bi Oga har bakin mota. Na ce, “Yallaɓai, gonar fa? Suna can suna jira tun safe.”

Ya ce, “Ba lokaci. Hoton da aka samu ya isa.”

Ko mai bidiyon bai taka wajen ba.

Ni na tafi na gaya musu. Na tarar matan sun ji jiniya sun shiga fangali sun sunkuya, kowace da iri a hannu, suna jira a ce su fara. Malam Iro yana tsaye ya gyara hula. Da ya hango ni ni kaɗai, bai tambaye ni komai ba. Wata daga cikin matan ta miƙe tana dafe ƙugu ta ce, “Malam, mu dasa ko mu ci gaba da ruku'u?” Malam Iro ya ce, “Ku dasa, Inna. An riga an cire.”

A yammacin nan aka ɗaga ƙofofin sama. Ranar Alhamis ruwan sabon kanal bai wuce idon sawu ba. Ranar Juma'a laka ce kawai da ’yan kifaye suna mutsu-mutsu.

Da aka dawo aiki na shiga ofishin Oga. Na tsara maganata tun a hanya don kada in yi rashin ladabi. Na roƙi a nemi alfarma a riƙa sauke ƙofofin sama ko da yini ɗaya a mako, har albasar ta kama. Na ce tunda an iya yi don baƙi, ina ganin za a iya yi don mutumin da ya dasa saboda mu.

Ya ce, “Rabon ruwa ba aikinmu ba ne. An ba mu kwangilar tsawaita kanal, mun tsawaita, an gani, an yaba. Abin da ya biyo baya tsakanin manoma ne.”

Na ce, “Amma Yallaɓai, kai ka ce masa ya dasa.”

“Na ɗaure masa hannu? Babba ne da hankalinsa. Da ba ya so sai ya ce a'a.”

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, “Ka san ba zai iya cewa ba. Shi ya sa ka tafi da Dagaci.” Ban taɓa yi wa na gaba da ni magana haka ba. Ya nuna mini ƙofa.

Daga nan na wuce wajen manoman sama, na sami shugaban ƙungiyarsu a gonar tumatirinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kama hannuna ya kai ni cikin layi ya nuna mini furen da ya kakkaɓe a ƙasa. Ya ce, “Malam, an rufe mana ruwa tumatir yana fure, ba wanda ya nemi izininmu. Iro ɗan'uwanmu ne, irinsa ma muke jira, yanzu sai mun nemo a wani wuri. Amma in na ce wa mutanen nan su sake haƙura, duka za su yi mini. Kuma ba zan ga laifinsu ba.” Ni ma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya rage shi ne injin Baba Yohanna. Sai dai kwarin ma ya ja baya, don na sama suna rama ƙishin da aka sa su, ba abin da ke sauka. Injin yakan ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Baba Yohanna ya bar nasa barkonon da ƙishi yana juya tiyo wajen maƙwabcinsa, yana yi yana faɗa: “Ka ga injin mai tari ko? Ina Injiniyanka? Ina Dagacinka?” Malam Iro ya ce, “Yi ta yi, Yohanna, yau bakinka ya sami abin ci.” Na je na taya su jan tiyo duk lokacin da na samu. Fangalin da ke kusa da kwarin suka rayu, ba su da yawa. Sauran suka yi rawaya, suka kwanta, suka bushe kamar tsintsiya.

Na rubuta abin da ya faru a rahotona na wata, yadda ka'ida ta ce, na miƙa wa mai kula da yanki. Ban san inda ya tsaya ba. Abin da na sani shi ne ba a daɗe ba aka mayar da ni wani yanki ta wajen Garun Malam, aka ce don in ƙara gogewa.

Kafin damina ta faɗi wata hidima ta kai ni Kura. Ina wucewa ta gaban wani injin casar shinkafa sai na ji an ce, “Malamin gona!” Na juya. Malam Iro ne zaune a kan tabarma cikin masu ɗinke bakin buhu, da basilla a hannu, gemunsa ya yi fari da dusa. Mutumin da a da manoma ke bin layi a bakin gonarsa. Na tsuguna na gaishe shi. Shi ya fara. Ya ce, “Ɗana, baƙin nan sun iso kuwa? Don ni har yanzu ban gan su ba.” Ya yi dariya, abokan aikinsa suka taya shi ba tare da sun san zancen ba. Ni na kasa.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma ban ce lallai kowa ya yarda da ni ba, shi ne mutanen da muke wa aiki suna da kara fiye da yadda ya kamata a ce an bar mu da su. Za su ce to a gaban babba alhali sun san asara ce, su koma gida su haɗiye. A takardunmu wannan “to” ɗin ana rubuta ta a matsayin amincewar manomi. Ba amincewa ba ce. Wanda ya san haka ya yi amfani da ita ya fi wanda ya yi wa manomi ƙarya ƙarara muni, don maƙaryaci aƙalla yana tsoron a gano shi.

Za a aike ku, ba makawa, kuma ba kullum za ku iya hana abin da aka shirya ba; ni ban iya ba. Amma in abu ya shafi irin mutum ko gonarsa, ku je ku same shi shi kaɗai, ku zauna a ƙasa, ku gaya masa duk abin da kuka sani har da wanda ba a so ku faɗa. Amsar da ya ba ku a nan ita ce amsarsa. In kuka ga ana shirin sake yi masa tambayar a gaban jama'a, ku riga kowa zuwa wajen Dagaci tun ba a taru ba, don shi ma sau da yawa ba a gaya masa komai. Kuma duk wanda ya ce muku ruwa ya isa wani wuri, kada ku je dubawa ranar da aka kafa rumfa. Ku bari sai an kwashe kujeru.